Abin da Takardun Dillalai Suka Koya Mini a Amurka

Mu da muka tashi a gidan direbobi mun saba da cinikin baki. Ɗan kamasho ya haɗa mai kaya da mai mota, a tsayar da farashi, a ce Allah ya sa albarka, shi ke nan. Da wannan tarbiyya na zo Amurka, na yi shekaru ina tuƙa tirelar wani kamfani a jihar Karolina ta Arewa, har Allah ya hore mini na sayi tawa. A nan na gane cewa galibi mai mota ɗaya ba ya samun lodi sai ta hannun dillali, shi kuwa dillalin ƙasar nan bai taɓa ganin fuskarka ba, bai san mahaifinka ba. Takardunka kaɗai ya sani.

Kafin ya saurare ka, sai ya ga lambobi biyu daga FMCSA, hukumar tarayya mai sa ido kan manyan motoci: lambar USDOT da lambar MC, wadda ke nuna an ba ka izinin ɗaukar kayan mutane daga jiha zuwa jiha. Dala 300 na biya na nemi izinin, amma bai fara aiki ba sai da aka shigar da BOC-3, takardar da ke bayyana wakilan da za su karɓi sammaci a madadinka, kuma kamfanin inshora ya aika wa hukumar shaida. Doka ta ce inshorar haɗari kada ta gaza dala 750,000, amma yawancin dillalai miliyan ɗaya suke nema, haɗe da inshorar kaya ta dala 100,000. Sai takardar W-9 ta haraji, da yarjejeniyar da ke tsakaninku. Bayan duk wannan ma, dillalai da yawa ba sa ba sabon kamfani kaya sai izininsa ya yi watanni.

Wannan jira ya yi mini ciwo. Mota na ajiye, bashin banki da kuɗin inshora ba sa jira, iyali a gida suna sa rai. Akwai daren da na kasa barci ina tunanin sayar da motar in koma aikin albashi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a ce maganata ba ta isa ba, ni da ban taɓa cin haƙƙin kowa ba.

Bayan na fara samun lodi, abubuwa biyu suka sauya mini tunani. Wani dillali ya yi mini alkawari ta waya cewa zai biya kuɗin jira idan aka tsare ni wajen sauke kaya. Aka tsare ni wuni guda. Da na nemi haƙƙina sai ya ce ba ya cikin takardar farashi, ya kashe waya. Daga baya wani mai karɓar kaya ya yi iƙirarin cewa kwalaye sun ɓata a hannuna, kuɗin da zai iya durƙusar da ni. Na ɗauko takardar lodi mai ɗauke da sa hannun ma'aikacinsa, da adadi, da kwanan wata, na tura. Maganar ta mutu nan take. Ba ni da lauya, ba ni da uban gida a ƙasar nan; wannan 'yar takarda ce ta tsaya mini.

Tun daga nan na daina kallon rubutu a matsayin rashin yarda. Ai addininmu ma ya koyar da haka: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana. Lodin da ka kai yau, a biya ka bayan kwana 30, bashi ne. Babban kamfani zai iya haƙura da asarar lodi ɗaya, mai mota ɗaya kuwa abincin 'ya'yansa ne.

Yanzu ni ma ina bincikar dillali kamar yadda yake bincikata. Doka ta wajabta masa jinginar dala 75,000 don biyan masu motar da ya ci wa haƙƙi, kuma kowa na iya duba izininsa a shafin hukumar. Ba na kunna mota sai farashi, da kuɗin jira, da ranar biya sun fito a rubuce. Ba na barin wajen sauke kaya sai an sa hannu, na ɗauki hoton takardar.

Ɗan'uwa mai shirin sayen mota, ka haɗa takardunka tun kafin ka nemi lodin farko, ka tanadi kuɗin da zai riƙe ka watannin jira, kuma kada kunya ta hana ka cewa a rubuta. Dillalin da ya ƙi rubuta alkawarinsa, ka bar masa kayansa.