Darussan da Na Koya Daga Kiwon Kaji Masu Shuɗin Ƙwai

Duk baƙon da ya ga ƙwai shuɗi a kwando, tambayarsa ɗaya ce: da me aka rina shi? Wasu har sai sun jiƙa yatsa sun goga, su ga ko bula ce za ta fita. Ba ta fita, domin launin ba shafe ba ne. In ka fasa ƙwan ka leƙa cikin ɓawon, za ka tarar shuɗin ya ratsa shi ciki da bai. Wannan abin mamaki ne ya ja ni cikin kiwon irin waɗannan kaji a bayan ɗakina, ba don neman kuɗi ba, don sha'awa kawai. Ashe sha'awar makaranta ce, kuma babban abin da take koyarwa shi ne: ido ba ya ganin abin da ke cikin jini, sai lokaci ya fito da shi.

Asalin waɗannan kaji daga ƙasar Chile ne, a Kudancin Amurka, wajen mutanen da ake kira Mapuche. Wani masanin kiwon kaji ɗan ƙasar Sifen, Salvador Castelló, ya gan su can a 1914, sannan ya gabatar da labarinsu a taron kiwon kaji na duniya da aka yi a Holan a 1921. Daga yankin Araucanía suka samo sunan Araucana. Jininsu ne ya haifar da Ameraucana a Amurka, wadda aka amince da ita a matsayin iri mai zaman kansa a 1984, da kuma Cream Legbar, wadda Reginald Punnett da Michael Pease suka samar a Kambrij ta Ingila. Ƙasar Sin ma tana da nata, kamar kajin Dongxiang, waɗanda ba su haɗa hanya da na Chile ba.

Darasi na farko shi ne sanin inda launin yake fitowa, domin wanda bai san wannan ba zai yi ta kashe kuɗi a banza. Na ji masu cewa wani abinci na musamman ake ba kazar. Babu abincin da zai sa kazar Hausa ta yi ƙwai shuɗi. Launin daga wani sinadari yake mai suna bilibadin, dangin wanda ke sa madaciya ta yi kore. Ƙwai yakan ɗauki kusan yini da kwana kafin ya kammala a cikin kaza, kuma mafi yawan lokacin a wurin gina ɓawo yake tafiya. A jikin mai shuɗin ƙwai, sinadarin yana shiga ɓawon tun ana gina shi. Ruwan ƙasa irin na ƙwan gidan gona kuwa, a ƙarshe ake shafa shi a sama, shi ya sa cikinsa fari ne. A 2013 masu bincike a Sin da Ingila suka gano cewa wata tsohuwar ƙwayar cuta ce ta maƙale a cikin ƙwayoyin gadon kakannin waɗannan kaji, ta kunna wannan aiki. Ba ta cutar da kazar, ba ta cutar da mai cin ƙwan. Haka kuma ba ta ƙara wa ƙwan komai. Gwaiduwarsa da farinsa daidai suke da na kowace kaza da ta ci abinci iri ɗaya. Masu zuwa neman shuɗin ƙwai don magani nakan faɗa musu gaskiya, ko da sun tafi ba su ji daɗi ba.

Darasi na biyu shi ne wanda ya fi gwada haƙurina. Kaza tana nuna abin da ta gada duk ranar da ta yi ƙwai. Zakara fa? Ba ya ƙwai, amma rabin gadon 'yan tsaki daga gare shi yake. Za ka iya sayen zakara mai kyan gani, mai tsada, a ce maka ɗan shuɗin ƙwai ne, alhali ba ka da hanyar tabbatarwa sai ya yi barbara, an ƙyanƙyashe, 'ya'yansa mata sun girma sun fara ƙwai, abin da ke cin wata biyar zuwa shida, wani lokaci har fiye. Sai a lokacin zakara ke faɗin gaskiyarsa, ta bakin 'ya'yansa.

Lissafin ba shi da wuya. Gadon shuɗi mai rinjaye ne, wato ko ta gefe ɗaya kaza ta same shi, zai bayyana. In zakara ya gaje shi daga uwa da uba, ka haɗa shi da kajin gida, duk 'ya'yansa mata za su ɗauko. In ta gefe ɗaya ya gada, kusan rabi ne za su ɗauko, sauran su yi ƙwai irin na iyayensu mata. In kuwa uwar mai ƙwai ruwan ƙasa ce, shafen nan zai hau kan shuɗin, ƙwan ya fito kore. Wanda bai san haka ba sai ya ce an cuce shi, alhali gado ne ya yi aikinsa. Akwai 'yar alama da masu kiwo ke dubawa: a jinin Araucana da Ameraucana, gadon shuɗi yakan tafi tare da ɗan gajeren zanko mai layi uku. Amma alama ce kawai, ba hujja ba, don Legbar zankonta miƙaƙƙe ne kamar na kowane zakara, ga shi kuwa tana yin shuɗin.

Wannan ne ya sa littafin rubutu ya zama mini kayan aiki kamar kwanon ruwa da buhun dusa. Kowace kaza da zare mai launi a ƙafa, kowane ƙwai da alamar fensir a ɓawo: wace ce uwar, wane ne uban, wace rana. Kaza tana iya riƙe irin zakara a jikinta har mako biyu zuwa uku, saboda haka in ka sauya mata zakara, sai ka jira kusan wata guda kafin ka amince cewa ƙwan na sabon ne. Ba tare da rubutu ba, bayan shekara biyu garkenka ya cuɗe, ba ka san wanda za ka bari da wanda za ka kai tukunya ba.

Darasi na uku: kowace kwalliya da farashinta. Araucana irin ta Amurka tana da abubuwa biyu da ke ɗaukar ido, wato tuntun gashi da ke fitowa a gefen kunnuwa, da rashin bindi. Dukansu biyu suna cin 'yan tsaki. Gadon tuntun nan, in ɗan tsako ya same shi daga uwa da uba gaba ɗaya, galibi a cikin ƙwai yake mutuwa gab da fitowa. In ka haɗa mai tuntu da mai tuntu, ka sa a ranka kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun tafi tun ba su ga rana ba. Shi ya sa masu kiwo da yawa ke haɗa mai tuntu da marar tuntu. Rashin bindi kuma yana wahalar da barbara, ƙwai da yawa su fito ba zakara a ciki, har sai an rage gashin da ke wajen duburar kazar da almakashi. Ameraucana da Legbar ba su da waɗannan matsaloli. Legbar ma tana da wata baiwa: ranar da aka ƙyanƙyashe za ka gane mace da namiji, macen mai ratsi mai duhu a baya, namijin fari-fari da ɗigo a ka. Ga mai ɗan fili, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, tunda kusan rabin abin da za ka ƙyanƙyashe zakaru ne, kuma dole ka san yadda za ka yi da su tun kafin su fara cara su hana maƙwabta barci.

Darasi na huɗu a wajen ƙyanƙyasa na same shi. Ƙa'idar injin ƙyanƙyasa sananniya ce: kwana 21, zafi digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas, laima kimanin kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari, ana juya ƙwan sau da yawa a rana. Daga kwana na 18 a daina juyawa, a ɗaga laima zuwa kashi 65 ko 70, a bar murfi a rufe. Amma ƙa'idar takarda daban, bayan ɗaki daban. Wuta takan ɗauke. Iskar hunturu takan shanye ruwan cikin injin, fatar cikin ƙwai ta bushe ta ɗaure ɗan tsako. A bazara kuma, zafin ɗaki kaɗai ya isa ya sa ƙwan da kake tarawa ya fara rayuwa ya lalace tun bai shiga injin ba. Don haka ba na ajiye ƙwan iri fiye da mako guda, kuma a gindin randa yake zama, tsinin yana ƙasa. Ga wata wahala kuma ta shuɗin ɓawo: in ka haska shi da tocila a kwana na bakwai zuwa goma don ganin jijiyoyin jini, hasken ba ya ratsa shi sosai kamar farin ƙwai. Sai ɗaki ya yi duhu ƙirin, tocila mai ƙarfi, kuma wanda ka yi shakka a kansa ka ba shi 'yan kwanaki kafin ka yanke masa hukuncin baragurbi.

A nan ne kazar Hausa ta nuna mini darajarta. Legbar ba ta cika kwanci ba, ƙwai kawai ta sani. Iyayenmu mata kuwa tun tuni suke sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai har kwana 28 ta ƙyanƙyashe. Wannan dabara na ɗauko. Kazar gida mai kwanci ba ruwanta da launin ƙwai, ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Ita ke juyawa, ita ke daidaita zafi, in 'yan tsaki sun fito ta koya musu tono, ta tare musu shirwa. Injin yana ɗaukar ƙwai da yawa, ita kuwa goma ko sha biyu, amma abin da ta ɗauka ta fi kai shi gaci.

Darasi na biyar shi ne tsara abin da ya fi muhimmanci. Shuɗin ƙwai ba ya kare kaza daga cutar Nukasil, wadda ke share garke a lokacin sanyi, ko Gumboro mai kashe ƙanana. Rigakafi a kan lokaci, irin wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi, da keɓe duk sabuwar kaza na mako biyu zuwa uku kafin ta shiga cikin sauran, su ne ginshiƙi. Baƙin iri kuma zafinmu yana ba su wuya: su buɗe baki suna haki, ƙwai ya ragu. Inuwa, iska da ruwan sanyi sun fi musu kowane magani. Shi kansa launin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sagarar da ta fara ƙwai takan ba da shuɗi mai kyau, in tafiya ta yi nisa ya riƙa kodewa, sai ta huta ta zubar da gashi ya dawo.

Akwai kuma jarabar da ke kama mai ɗan garke: ka samu kaza ɗaya mai shuɗi mai ƙarfi, sai ka yi ta haɗa 'ya'yanta da jikokinta don kada launin ya tsere. Launin zai tsaya, amma ƙarfi zai tafi, ƙyanƙyasa ta ragu, 'yan tsaki su fito raunana. Maganinsa musayar zakara da wani mai kiwo lokaci zuwa lokaci, ko da sabon jinin zai ɗan rage kyan launin na wani zango.

Yanzu in zan zaɓi wadda za ta bar iri, lafiya nake fara dubawa: ta wuce bazara da hunturu a tsaye? Sannan ƙwanta yana ƙyanƙyasuwa? Launi shi ne na uku, duk da cewa shi ya kawo ni. Wanda ya sa launi gaba zai iya samun ƙwai mafi kyau a unguwa na shekara ɗaya, shekara ta biyu ya tarar da akurki wayam. Ga mai son farawa, shawarata ita ce ya nemi ƙwan iri daga wanda zai nuna masa iyayen da ƙwan da suke yi, ya tanadi kazar gida mai kwanci, ya sayi littafi da fensir, sannan ya ba kansa shekara guda kafin ya yabi zakaransa ko ya kushe shi.