Gordon Parks: Mai hoton talakawa da ya zama daraktan 'Shaft'

MASU kallon finafinan Amurka da yawa sun san 'Shaft', fim ɗin nan na 1971 wanda Richard Roundtree ya fito a jarumi, Isaac Hayes kuma ya ci kyautar Oscar da waƙar sa. To amma kaɗan ne su ka san cewa daraktan, Gordon Parks, sai da ya yi sama da shekara 30 ya na ɗaukar hoton talakawa kafin ya hau kujerar darakta.

An haife shi a 1912 a Fort Scott, Jihar Kansas. Shi ne auta cikin 'ya'ya 15. Mahaifiyar sa ta rasu ya na matashi, aka tura shi gidan yayar sa a Minnesota, mijin ta ya fatattake shi ana tsakiyar sanyi. Ya sha wuya ba kaɗan ba, har ya samu aikin kai wa fasinjoji abinci a jirgin ƙasa. A nan ya ga hotunan 'yan ƙwadagon gona a wata mujalla, abin ya tsaya masa a rai, sai ya sayi tsohuwar kyamara a shagon jingina ya koya wa kan sa.

Salon sa shi ne, ba ya ɗauka ya gudu. A 1942 ya ɗauki Ella Watson, wata baƙar mace mai sharar ofishin gwamnati a Washintan, riƙe da tsintsiya a gaban tutar Amurka. Hoton ya shahara, amma bai tsaya nan ba: ya bi ta gida da coci, ya nuna ta cikin jikokin ta, don a san mutum ce mai iyali, ba tsintsiya kawai ba.

Sai dai mai kyamara ba shi ne mai wuƙa da nama ba. A 1948 ya yi makonni tare da Red Jackson, shugaban wasu 'yan daba a unguwar Harlem. Ya ɗauke shi a fagen faɗa, ya kuma ɗauke shi a gida cikin 'yan'uwan sa. Editocin mujallar Life su ka fi zaɓen hotunan tashin hankali. Aikin ya sa Parks ya zama baƙar fata na farko da Life ta ɗauka ma'aikacin hoto, amma abin da masu karatu su ka gani rabin labari ne.

A 1961 ya je Rio de Janeiro, Brazil, ya haɗu da Flavio da Silva, ɗan shekara 12 mai ciwon asma da ke rainon ƙannen sa a unguwar marasa galihu. Hotunan su ka girgiza jama'a, aka tara kusan dala 30,000, aka kai yaron Denver magani, aka saya wa iyayen gida. Su kuwa 'yan Brazil abin ya ɓata masu rai, har mujallar O Cruzeiro ta aika mai hoton ta ya ɗauko talaucin New York, wai kowa ya duba gidan sa. Flavio ya koma gida bayan shekara biyu, talauci kuma bai sake shi ba.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ya zo yin 'The Learning Tree' a 1969, labarin yarintar sa, ya riƙe ragamar da kan sa: shi ya rubuta, shi ya bada umarni, shi ya tsara kiɗan. Da wannan fim ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci fim a wani babban kamfanin Hollywood, wato Warner Bros. Ya rasu a 2006 ya na da shekara 93.

Don haka in an nuno talaka a fim, ya kamata mai kallo ya tambaya: darakta ya zauna da irin sa kuwa? Me kuma aka yanke a wajen tacewa?