Ina rubutun ka na shekara biyar da ta wuce?

Mai karatu, in ka na cikin masu cewa duk abin da aka ɗora a intanet ya zauna kenan har abada, to gyara zama. Kwanan baya na halarci wani taron kwana biyu a Kaduna kan wallafa a intanet, kuma abin da na kwaso ya shafe ka, ko kai marubuci ne ko makaranci.

Ranar farko an sha bayani kan tara mabiya da samun kuɗin talla. Ba laifi. Amma zaman da ya tsaya mani a rai shi ne na wata baiwar Allah mai gina shafuka, wadda ta ce kowa ya ɗauko wayar sa ya nemo rubutun sa mafi tsufa. Wallahi sai zauren ya yi tsit. Ta tuna mana da OkadaBooks, inda marubutan mu da dama su ka riƙa sayar da littattafai: an buɗe shi a 2013, aka rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Yahoo Groups ma, inda manyan mu su ka tafka muhawara kan finafinan Hausa tun 2001, an rufe shi a Disamba 2020. Gidan haya ne, in ji ta, ranar da mai gida ya so zai ce ka kwashe.

Sai ta taɓo inda ya fi mana ƙaiƙayi, wato haruffa masu lanƙwasa. Ka taɓa cin karo da }asa a madadin ƙasa, ko ]aya a madadin ɗaya? Ba ganganci ba ne. A da, kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai aka ƙera salon haruffa na musamman da ke aron gurbin wasu alamomi. A kwamfutar da ke da salon, tsaf za ka gan shi. A wadda babu, sai asiri ya tonu. Illar ita ce in ka nemi "ƙasa", injin bincike ba zai kawo maka wancan rubutun ba. Ya na nan, amma kamar babu shi. Maganin shi ne tsarin Unicode, wanda allon rubutun Hausa na Gboard ke aiki da shi a wayar ka, kyauta.

Mu masu sharhin fim abin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. An yi Turmin Danya a 1990, kafin a haife ni. Abin da na sani game da zamanin kaset, daga tsofaffin mujallu na same shi, takardun da su ka yi ja amma su na karantuwa. To wanda zai zo nazarin finafinan YouTube nan da shekara talatin fa, me za mu bar masa? Hoton rubutu da aka tura a WhatsApp, an yanke sunan mai shi?

Yanzu duk sharhin da na gama, sai na aje kwafi biyu, ɗaya a filashi, ɗaya a imel, sannan in adana shafin a Wayback Machine. Bai kai minti biyar ba.

Kai kuma, in akwai mujallar Tauraruwa ta 1999 a ƙasan akwatin Yaya ko Kawu, don Allah kada a bai wa mai ƙosai. A sanar da edita, zan zo da kai na in ɗauki hoton ta shafi-shafi in maido.