Ranar Farko a Kolon

Ya kai mai karatu, in kana da aure, wataƙila ka san irin shekarun da miji da mata sukan daina hira ba tare da sun yi faɗa ba. Zancensu yakan koma na kuɗin makaranta, da na haya, da wanda ba shi da lafiya a dangi. Muddin 'ya'ya suna gida, baƙi suna shiga suna fita, ba mai lura. Mu, shekara 26 da aurenmu autarmu ta tafi jami'a, gida ya yi tsit. A wannan shekara ce manyan 'ya'yanmu suka haɗa mana kuɗin hutun mako 2 a Jamus. Labarin ranar farko kaɗai zan ba ka.

Da asuba muka sauka a Farankfot, a cikin watan Yuni. Daga filin jirgin sama muka shiga jirgin ƙasa mai gudu, cikin kamar awa ɗaya ya kai mu Kolon, a bakin Kogin Rayin. Ba mu jin Jamusanci, ba kuma wanda ya zo taryenmu. Uwargida ta riƙe takardu, ni na ja akwatuna, kowa na duban fuskar ɗan'uwansa kafin ya ɗaga ƙafa. Rabon da mu dogara ga juna haka, tun muna amarya da ango.

Tashar Kolon tana jikin babbar majami'ar birnin. Fitowarmu ke nan sai ga ta a kanmu, baƙa ƙirin, hasumiyoyinta biyu sun kai mita 157. Uwargida ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya zame, ta ce, "Maigida, 'yan Adam ne suka gina wannan?"

Su ne kuwa, amma ba tsara ɗaya ba. An aza harsashinta a 1248, domin a sami wurin da ya dace da akwatin zinariya mai ɗauke da ƙasusuwan da ake dangantawa da masu hikimar nan na gabas, waɗanda suka kai wa jariri Yesu gaisuwa. Daga Milan aka kawo ƙasusuwan a 1164. An yi fiye da shekara 200 ana gini, sa'an nan kuɗi ya ƙare, himma ta yi sanyi, aiki ya tsaya. Injin katako na ɗaga duwatsu ya zauna a kan guntuwar hasumiya wajen shekara 400, har ya zama alamar birnin. Daga baya aka gano tsohon zanen gaban ginin a rabe biyu, rabi a Damshitat a 1814, rabi a Faris a 1816. Aka koma aiki a 1842 bisa wannan zane, aka kammala a 1880, shekara 632 bayan dutsen farko. A Yaƙin Duniya na Biyu bama-bamai sun rushe tsakiyar birnin, sun kuma faɗa wa majami'ar, amma ta tsaya.

Da muka zagaya ta, muka ga dandamalin ƙarfe irin na magina manne a gefenta. Takardar bayani da muka saya ta nuna cewa ba a rabuwa da shi. Ruwan sama da iska da hayaƙi suna cin dutsen, saboda haka majami'ar tana da ma'aikatanta na dindindin, masu sassaƙar dutse da maƙera da masu gyaran gilashi. Su gama nan, su koma can. Mutanen Kolon har sukan ce, ranar da aka gama aikin majami'ar duniya za ta tashi.

Matakala 533 ake hawa zuwa saman hasumiyar kudu, hanyar kuwa matsattsiya ce, tana murɗewa. Gwiwoyinmu ba na samari ba ne. Ta shige gaba ina biye, in ta tsaya in tsaya, matasa suna raɓawa suna wuce mu. Daga can sama muka hango kogin, da wata gadar jirgin ƙasa a bayan majami'ar, muka ce can za mu da yamma.

Sunan gadar Hohenzolan. A kan ragar ƙarfen da ke gefen hanyar masu ƙafa an rataya dubban kwaɗunan kulle ƙofa, kowanne da sunaye biyu. Masoya ne sukan zo su datse kwaɗo, su jefa mabuɗin cikin kogi, alamar ba rabuwa. Na ce, "Uwargida, ko mu ma mu sayi namu?" Ta shafa wani da ya yi tsatsa har sunayen ba su karantuwa, ta ce, "Bar shi, Maigida. Zo mu zauna."

Muka zauna a bakin kogin. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai kusan ƙarfe goma na dare, ba kuwa mai jiranmu. A nan ta gaya mini cewa tun tafiyar auta tana jin tsoron gidanmu da dare, tana tunanin ko zamanmu na 'ya'ya ne kawai, yanzu kuma ya ƙare. Na saurara har ta gama. Ni ma na faɗi nawa tsoron, na ritaya da tsufa. Muka kama hannun juna muka yi addu'a, mu biyu kaɗai, ba don wani yaro ko wata bukata ba, sai don aurenmu.

Ɗan'uwa, alkawarin da kuka yi a gaban Allah da ikkilisiya yana nan daram, ba na rage masa daraja. Amma da yawa a cikinmu mun ɗauke shi kamar kwaɗon gadar nan: an datse ranar biki, an jefar da mabuɗi, an juya baya. Majami'ar ta fi kama da aure. Harsashinta ɗaya ne, zanenta ɗaya, duk da haka kowace safiya sai wani ya hau ya duba inda dutse ya zaizaye. In kuwa aiki ya daɗe da tsayawa a gidanku, ka tuna wancan gini ya yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, aka nemo zanen farko aka ci gaba. Ibraniyawa sura 11 ta lissafta mutanen da suka yi aiki da bangaskiya ba su ga ƙarshensa ba, Allah kuwa bai ƙyale wahalarsu ba.

Ba sai ka je Jamus ba. Yau da dare, bayan an kwashe kwanuka, ka kashe waya, ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ka tambayi matarka abin da ke damunta, ka kuma jira amsar ko da ta yi jinkiri. Ke ma 'yar'uwa, haka za ki yi wa maigidanki.

Ya Ubangiji, kai ka haɗa mu. Ka ba mu idon ganin inda ya tsage, da haƙurin gyarawa, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.