Wa Ke Koyar da Mai Allurar Barci?

Idan aka ce za a yi wa mutum tiyata, tambayar da dangi suka fi yi ita ce wane likita ne zai yi aikin. Da wuya a ji wanda ya tambayi sunan wanda zai tsaya a saitin kan majinyacin, alhali shi ne yake riƙe da numfashinsa tun daga lokacin da aka yi masa allura har ya farfaɗo. Magungunan da ke sa barci suna rage ƙarfin numfashi, wasu suna tsayar da shi ɗungurungum, wasu kuma suna saukar da jini. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iskar oksijin na 'yan mintuna, kamar huɗu zuwa shida, tana iya samun lahanin da ba ya warkewa. Cikin waɗannan mintuna ne ake gane ko mai allurar barci ya koyu ko bai koyu ba.

A manyan asibitocin koyarwa akwai likitocin da suka ƙware a wannan fanni. A asibitocin ƙananan hukumomi kuwa, inda ake kai mace mai doguwar naƙuda da tsakar dare, galibi ma'aikacin jinya ne da ya yi ƙarin karatu yake riƙe da aikin, kuma sau da yawa shi kaɗai. Ƙidayar da ƙungiyar likitocin allurar barci ta duniya, WFSA, ta fitar a 2017 ta nuna Najeriya ba ta kai likita ɗaya ga mutum 100,000 ba, alhali ƙungiyar na ganin biyar ne mafi ƙarancin abin da ya kamata. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2018, wanda ya bi marasa lafiya fiye da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, ya gano cewa haɗarin mutuwa bayan tiyata a nahiyar ya ninka matsakaicin na duniya sau biyu, duk da cewa majinyatan sun fi ƙuruciya. Sashen binciken da ya shafi tiyatar haihuwa, wanda ya fito a 2019, ya nuna haɗarin ya kai kusan ninki hamsin na ƙasashe masu arziki. Dalilan suna da yawa: rashin jini, rashin kayan aiki, jinkirin kai mara lafiya. Amma duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma ya san makarantar da ke yaye masu allurar barci ta cancanci a sa mata ido.

Wata ma'aikaciyar jinya da ta yi shekaru a ɗakin haihuwa na wani babban asibiti ta samu hutun karatu, ta tafi irin wannan makaranta da ke jingine da wani asibitin koyarwa. Kwas ne na wata 18, irin wanda Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya take sa wa ido. Ta tafi da ɗoki, domin ta sha ganin an ɗaga tiyata saboda mai allurar barci ɗaya tilo na asibitinsu ya yi tafiya.

Abin da ta tarar ya rage mata ɗokin. Shugaban makarantar na riƙon ƙwarya ne, kuma rabonsa da ɗakin tiyata an daɗe. Jadawalin darussa yana manne a bango, amma darasin ilimin magunguna, wanda shi ne ginshiƙin sana'ar, yakan wuce ba malami, sai a turo takardun da aka gaji da kwafa a ce a karanta. Akwai mutum-mutumin roba da ake koyon zura bututun numfashi da shi, yana kulle a ofis, ba a fito da shi sai za a yi baƙi. A ɗakin tiyata ɗalibai ne suke cike giɓin ma'aikata. Akan bar ɗalibin da bai daɗe da zuwa ba da majinyaci, mai kula da shi yana wani ɗakin. Kundin da ake rubuta kowane aiki da ɗalibi ya yi, wanda ya kamata a sa wa hannu a ranar, sai ƙarshen zango ake tara shi, a rattaba wa shafuka hannu a zama ɗaya. Da lokacin zuwan masu tantancewa ya gabato, aka yi fenti, aka buɗe ɗakin karatu, aka ga fuskokin malaman da ɗalibai ba su taɓa gani a aji ba.

Ta yi ta maza ta je ofishin shugaban. Ta ce, "Ranka ya daɗe, an kusa tura mu aiki mu kaɗai, ni kuwa har yanzu ban zura bututu da hannuna wani yana duba ni ba sai sau ƙalilan." Ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Sista, karatu kika zo ko bincike? Waɗanda suka gabace ki duk haka suka yi, ga su can suna aiki." Abokan karatunta suka ba ta shawarar ta kama bakinta. Kowa yana da abin da zai rasa: hutun karatun da aka sha wuya kafin a samu, albashin da ke ci gaba da shiga, da makin aikin hannu wanda yake hannun mutanen da ake son a kai ƙara. Ta yi shiru, ta nemi wani dattijon mai allurar barci da ke aikin dare, ta riƙa binsa a ranakun hutunta har hannunta ya faɗa. Ta ci jarrabawa, kamar yadda kusan kowa ya ci. Waɗanda ba su samu irin wannan dattijo ba su ma sun karɓi takarda iri ɗaya da tata.

Duk abin da ta lissafa yana komawa ne ga shugabanci. Makarantar da ke cikin asibiti tana tsakanin buƙatu biyu masu karo da juna. Asibiti yana son hannuwa, domin jerin masu jiran tiyata ba ya ƙarewa. Ɗalibi kuma yana buƙatar wanda zai tsaya a bayansa, ya bar shi ya gwada, ya karɓe idan abu ya rikice, sannan su zauna su tattauna abin da ya faru. Shugaban makaranta shi ne zai fuskanci hukumar asibiti ya ce ba za a bar ɗalibinsa shi kaɗai ba. Shi ne zai tabbatar kowane ɗalibi ya yi aiki da yara da masu ciki da tsofaffi, ya yi allurar baya, ya ga yadda jini ke faɗuwa bayanta, ya san abin da zai yi cikin daƙiƙu. Shi ne kuma zai iya cewa wane bai isa yayewa ba, ko da gwamnatin jiharsa ce ta biya masa. Mai riƙon ƙwarya da ke jiran a tabbatar da shi ba ya son ɓata wa kowa rai, wanda kuma ya bar sana'ar tuntuni ba zai gane cewa kundin da ke gabansa ya fi ƙarfin abin da ɗalibi ɗaya zai iya yi ba.

Amurka, inda wannan reshe na aikin jinya ya fi kafuwa, ta bi ta irin wannan gardama. Bayan da William Morton ya nuna amfani da sinadarin ita a Boston ranar 16 ga Oktoba, 1846, aikin sa barci ya daɗe a hannun duk wanda ke kusa, har da ɗaliban likitanci da hankalinsu ya fi karkata ga kallon tiyatar. Ma'aikatan jinya ne suka mayar da shi sana'a. Alice Magaw, wadda ta yi aiki da likitocin Mayo, ta wallafa a 1906 bayanin marasa lafiya fiye da 14,000 da aka sa barci ba tare da mutuwar da aka danganta da maganin ba. Hujjarta ita ce rubutu: an ƙirga, an adana, an fito da shi kowa ya gani. Agatha Hodgins ta kafa makaranta a asibitin Lakeside na Cleveland a 1915, ta kuma kafa ƙungiyar masu sana'ar a 1931, kuma ƙungiyar ce ta fara tantance makarantu a 1952. A yau sai ma'aikacin jinya ya yi aƙalla shekara ɗaya a sashen kulawa ta musamman kafin a ɗauke shi, karatun ba ya gaza wata 36, kuma ba a yaye shi sai ya cika sa'o'i 2,000 na aikin asibiti da marasa lafiya aƙalla 650. Ana kuma wajabta wa kowace makaranta ta bayyana wa jama'a yawan waɗanda suka bar karatu, da yawan waɗanda suka ci jarrabawar ƙasa a zaman farko, da waɗanda suka samu aiki.

Masu kare makarantunmu suna da hujja mai nauyi. Sukan ce ƙasar da take fama da ƙarancin ma'aikata, ƙwararrunta kuma suna ta tafiya Ingila da Saudiyya, ba ta da halin rufe makaranta ko tsawaita kwas. Sukan ce mai rabin ilimi ya fi babu a asibitin da mace ke zubar da jini. Gaskiya ne cewa digirin dakta da Amurka ta wajabta a yanzu ba shi ne maganin matsalar ƙauye ba, kuma malaman da suka rage suna aiki fiye da ƙarfinsu. Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mafi yawan abin da ya kamata a ara ba ya cin kuɗi: sa hannu a kundi ranar da aka yi aiki, buɗe ofishin da aka kulle mutum-mutumi, ziyarar masu tantancewa ba da sanarwa ba, ganawarsu da ɗalibai a inda shugaba ba ya nan, da hanyar kai ƙorafi wadda ba ta bi ta teburin wanda ake ƙorafi a kansa.

Gwamnatocin jihohi da ke biya wa ma'aikatansu wannan karatu su ne suka fi kowa ƙarfin tambaya, domin su ne masu kuɗin kuma asibitocinsu ne za su karɓi waɗanda aka yaye. Kafin a sa hannu a takardar hutun karatu, ya kamata a san ko shugaban makarantar yana shiga ɗakin tiyata har yanzu, malamai nawa ne na dindindin, ɗalibi nawa ke ƙarƙashin mai kula ɗaya, ko kowane gadon tiyata yana da na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa, wadda ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya da WFSA na 2018 suka sa a sahun gaba, da kuma yaushe rabon da a hana wani ɗalibi takarda saboda hannunsa bai faɗa ba. Mai neman gurbi shi ma yana iya samun tsofaffin ɗalibai biyu ko uku ya tambaye su a keɓe. Makarantar da take da amsa za ta bayar ba tare da jin haushi ba.