Ido Ba Mudu Ba Ne

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mun tashi a Suleja muna jin wannan karin magana a bakin masu awon hatsi, mun kuma shafe shekaru muna koya wa ɗalibai auna karin waƙa, a ƙirga gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Sai dai ba mu san nauyin kalmar awo ba sai a shekarar 2023, ranar da muka raka yayarmu wani asibitin haƙori a Abuja.

Turminta na ƙasa ya daɗe da fita, tauna ta gagara ta wannan ɓangaren, aka ba ta shawarar dashe. Dashen kuwa ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom da ake kafawa cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira watanni ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora mata haƙori. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Branemark ne ya fara yi wa ɗan Adam irin wannan dashe a 1965. Inda gizo ke saƙar shi ne, a cikin muƙamuƙin ƙasa akwai jijiya mai bi ta wani siririn rami, ita ke kai ji ga leɓe da haɓa. In ƙusa ta zarce ta taɓa ta, leɓe na iya mutuwa, wani lokaci har abada.

Hoton baki da aka saba ɗauka shimfiɗaɗɗe ne, yana ƙara wa ƙashi girma, ba ya kuma nuna kaurinsa. Don haka likita ya ce sai an shiga na'urar nan mai kewaya kai, wadda haskenta ke fita da siffar mazurari. A ƙarshen shekarun 1990 ta shigo aikin haƙori daga Italiya da Japan, tana nuna tsawo da faɗi da zurfi. Amma hasken da take zuba wa jiki ya ɗara na ƙaramin hoton haƙori.

Yaya ta gyara mayafi ta ce, "Likita, na ji an ce hasken nan yana jawo ciwon daji."

Ya ce, "Hajiya, haɗarin kaɗan ne, amma ba ma raina shi. Zan rage hasken, in taƙaita shi ga inda za a yi aikin kawai."

A nan hankalinmu ya tashi, domin mu muka lallashe ta ta zo, kuma in wani abu ya sami leɓenta, mu dangi za su kalla. Muka ce, "Likita, in ka rage haske, ba ka tauye mudun ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai daga Suleja kuke. Ranar da hazo ya sauko, fuskar nan ta jikin Dutsen Zuma takan ɓace, amma inda dutsen ya ƙare sama ta fara ba ya ɓuya." Wato rage haske yana sa hoto dishi-dishi, sai dai iyakar ƙashi, wadda ita ake aunawa, takan tsaya a inda take. Masana sun sha gwada awon irin wannan hoto da awon ƙashin kansa, akasari bambancin bai kai milimita 1 ba, ko da yake yakan haura wani lokaci. Abin da ke saurin ɓata awo shi ne motsin majiyyaci da ƙarfen da ke cikin baki. Saboda haka likitoci kan bar tazarar milimita 2 tsakanin ƙusa da jijiya, komai kyan hoton.

Aka ce wa Yaya kada ta motsa, kada ta haɗiyi miyau. Na'ura ta kewaya ta cikin 'yan daƙiƙu. Kwamfuta ta nuna milimita 12 daga saman ƙashi zuwa ramin jijiya, likita ya zaɓi ƙusa mai milimita 10.

Haƙiƙa waɗannan milimita biyu da ya bari su suka tsaya mana a rai a hanyar komawa gida. Mutum ne mai na'ura ta miliyoyi, amma ya yarda awonsa na iya kuskure, ya kuma tanadar wa kuskuren wuri tun kafin ya zo. Mu kuwa sau nawa muka soke baitin ɗalibi da jan biro, muka ce ya karye, alhali da mun saurari yadda yake rera shi da mun ji ya daidaita?

Washegarin aikin, bayan allurar kashe zafi ta sake ta, muka kai mata kunu. Ta kurɓa ta janye baki da sauri, ta ce, "Kai, Malam ƙarami, so kake ka ƙona min leɓe?" Muka ce alhamdu lillahi, muka karɓi kofin muna fifita mata.