Ganyen Sirih da Goron Baƙo

Jama'a, duk alhajin da ya je Makka ya san mutanen Indonesiya, waɗanda a can ake kira mutanen Jawa. To, muna so mu ɗan ba ku labarin yadda suke tarar baƙo, gama da rawa suke yi.

A ƙasar Ace, can arewacin tsibirin Sumatara, inda Musulunci ya daɗe da kafuwa, akwai rawar da ake kira Ranup Lampuan, watau ganyen sirih a cikin akushi. Wani mutum mai suna Yuslizar ya tsara ta a 1959. 'Yan mata ne suke fitowa a jere, suna kwaikwayon yadda ake tsinko ganyen, a shafa masa farar ƙasa, a naɗe shi da ƙwayar pinang, sa'an nan su matso a natse su miƙa wa baƙo. In an tauna shi baki yakan yi ja, kamar mai cin goro da fure. A birnin Palembang kuwa 'yan mata 9 suke yin tasu, Gending Sriwijaya, da dogayen farce masu ruwan zinariya, ta gaba tana riƙe da akwatin sirih. Ta tsibirin Bali, Pendet, dabam take, don asalinta daga ɗakin bautarsu ta fito, su mabiya addinin Hindu ne. Furanni suke watsa wa baƙi, kuma an yi ta a wasannin Asiya na Jakarta a 1962.

Mun san dattawa za su ce, Malam, yau kuma rawa kake koya wa yara? A'a. Ba mu ce a fito da 'ya'yanmu mata gaban maza ba, kuma ba za mu ce ba. Akushin nan muke duba. Ai goronmu ke nan. Baƙo ba ya ƙin karɓa ko da ba ya ci, domin karɓar ita ce amsa gaisuwa.

Mu kuwa 'yan zango wa ya kai mu bashin baƙunci? Kakanninmu fatake ne, goro ya kawo su Salaga da Kumasi, aka ba su masauki, mai gida ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu a ciniki. Sunan unguwarmu ma ma'anarsa wurin saukar matafiya. Amma ga shi yanzu mutum yakan sauka daga mota da dare, ya yi sallama da Hausa, samari su nuna masa masallaci da baki, ba wanda ya tambaye shi ko ya ci abinci. Kwana uku ne haƙƙin baƙo a sunna, kowane almajirinmu ya haddace wannan. Ɗakuna sun yi mana kaɗan, gaskiya ne, haya kuma ta yi tsada, amma zaure guda da tabarma da buta bai fi ƙarfin ƙungiyar nan ba. Muna roƙon Sarkin Zango da shugabanni su sa maganar a taro mai zuwa.